Goyon 'Yar Inna

Litinin, bayan la'asar

Yau ma ya tashi. Tsakanin kafaɗuna ne, daga ƙasan wuya zuwa tsakiyar baya, kamar an ɗora mini dutsen guga an manta da shi. Na zauna a kan keken ɗinki ina kallon allura, na kasa ƙarasa wuyan riga guda. Salima, wadda muke shago ɗaya da ita, ta ce in riƙa rubuta lokacin da yake tashi da abin da na yi kafin ya tashi, wai da haka ake kama dalilin ciwo. To ga shi na fara, a ragowar littafin awon kaya.

Abin da na yi yau: shara, wanki, koko, kai yarinya lakwal, wato makarantar boko, ɗinki, ɗaukowa daga lakwal, ɗinki. Ban ga abin da ya raba yau da jiya ba.

Talata, da hantsi

Salima ta ce keke ne. Wai ina duƙawa a kansa kamar mai neman allurar da ta faɗi a ƙasa. Ta ɗauko tarin ƙyallaye ta cusa mini a kujera, ta ce in miƙe zaune kamar matar gwamna. Na miƙe. Matar gwamna ta yi ɗinki karkatacce, sai da na farke shi.

Na kai yarinyar lakwal da wuri. 'Yar fari ce, bakina bai taɓa kiran sunanta ba, kuma na ga hannuna ma ya ƙi. A gida 'yar Inna muke ce mata, don tun ranar suna surukata ta ce tata ce. Shekararta bakwai. Ƙafafunta ba su taɓa ɗaukarta ba, ni nake goya ta. Akwai keken guragu da aka ba mu, yana jingine a zaure, yashin layinmu na unguwar Zariya yana haɗiye tayoyinsa kafin mu kai bakin famfo.

Laraba, bayan azahar

Matashin kai ne, in ji maƙwabciyata Safiyatu. Na canza shi. Ta ƙara da cewa in ba shi ba ne to basir ne. A wurin Safiyatu ko ɗan yatsa ka buge basir ne.

Alhamis, da safe

Bai bar ni na juya ba. Sai da na dafa bango na tashi.

Juma'a, bayan magariba

Maigidana, Baban Samira, ya dawo daga hanyar Agadas, ya ajiye babbar motar da yake tuƙawa a tasha, kwana biyu zai yi. Na so ya zo ya tafi bai lura ba, sai ga shi na miƙa hannu zan sauko da kwano daga kan kanta, na yi ƙara ban shirya ba.

Ya ce, "Mi ya same ki?"

Na ce, "Keke ne."

Ya dube ni, ya dubi tabarmar da yarinyar take zaune tana koya wa ƙanwarta Samira ƙirga da murafen kwalba. Da ya ci abinci ya ce jiya sun yi waya da Inna, tana gaishe mu, ta sake maganar nan. Na san maganar. Duk shekara sai ta taso da ita: a kawo mata 'yarta Jiratawa ta riƙe, ai al'ada ce, ɗan fari na kaka ne. Duk shekara kuma ana cewa sai ta ƙara girma. Ni ba a tambayata, kuma ko an tambaye ni me uwa za ta ce a kan 'yar fari? Na kwashe kwanuka na fita.

In aka ce goyon ne, shi ke nan, za a ɗauke ta. Wannan kawai na sani, kuma ba zan sake rubuta shi ba.

Asabar, da la'asar

Ya kira wanzami. An yi mini ƙaho a bayan ɗaki, an zuƙo jini baƙi ƙirin, wanzamin ya nuna wa Baban Samira yana cewa ga mugun nan, mataccen jini ne, an gama da shi. Na ji daɗin maganar fiye da aikin. Yanzu ina da ciwo biyu, na ciki da na tsaga.

Litinin, da hantsi

Na ɗaura majanyi a kan tsagar. Ba daɗi. Yarinyar ta ji na ɗan noƙe da ta hau, ta ce, "Yaya, in sassauta hannu?" Yaya take ce mini, kamar yadda ta ji ƙannen babanta suna faɗa. Samira ce mai cewa Mama. Na ce ta riƙe yadda ta saba, kada ta faɗo ta ja mini magana.

A hanya tana karanta mini allunan shaguna ta kan kafaɗata, ɗaya bayan ɗaya, na Faransanci da na Hausa. Mai gyaran waya ya rubuta nasa da kuskure, kullum sai ta gyara masa a kunnena ta yi dariya. In tana dariya haɓarta tana dukan wurin daidai. Ban taɓa gaya mata ba.

Talata, bayan azahar

Salima ta ce yanzu kuma ta gane, waya ce. Wai ta ji a rediyo masu duƙar da kai suna latsa waya wuyansu da kafaɗunsu ke ciwo. Na nuna mata tawa, mai maɓalli, wadda ko hoto ba ta ɗauka. Ta ce to damuwa ce. Na ce damuwar me? Ta ce, "Ke kinka sani." Muka ci gaba da ɗinki.

Laraba, da la'asar

Na je asibitin unguwa ni kaɗai, Salima ta karɓi ɗaukowa daga lakwal, ta hau da ita moto mai ƙafa biyu. Lokotoron yaro ne mai hankali, ya danna nan ya danna can, ya sa na ɗaga hannu, na juya wuya, na ja numfashi. Ya tambaya ko ina tari, ko ƙirjina na ciwo, ko hannuna na mutuwa, ko na faɗi. Duk babu. Ya ce alhamdu lillahi, da alama naman wurin ne ya gaji, ba ƙashi ba ne, ba huhu ba ne. Ya tambayi sana'ata, na faɗa da sauri har da ƙari, na ce tun safe har dare ina kan keke.

Sai ya ce, "Kina ɗaukar kaya mai nauyi?"

Na ce a'a.

Ya rubuta magani da man shafawa, ya ce in riƙa tashi daga keke ina miƙewa, in dawo in bai sauka ba. Na fito ina jin haushin kaina, kuma ina jin sanyi a raina. Ban yi ƙarya ba. Ita ba kaya ba ce.

Da na koma na tarar ta ƙuje gwiwa a jikin moto, ba ta iya maƙale ƙafa. Salima sai haƙuri take bayarwa. Ba za a sake ba.

Juma'a, da safe

Maganin yana sa barci. Ciwon yana nan, ni ce dai nake barci a kansa.

Lahadi, bayan la'asar

Mun je Tsibiri wurin Gwaggo Gambo, yayar mahaifina. Ita har yau tana tare da mutanenta na ɓoye, ɗakinta na turare daban, ba ta fasa ba duk surutun 'yan uwa. Safiyatu ce ta zuga ni, ta ce ciwon da ya ƙi ƙaho ya ƙi asibiti ai iska ce. Ni kuma na tafi ina fata a ce iskar ce. Iska ba a kai ta Jiratawa.

Na sauke yarinyar a inuwar rumbu, Samira ta bi kaji. Gwaggo ta sa na tuɓe riga, ta bi bayana da tafin hannu, ta tsaya inda majanyi ya yi mini kanta. Ta daɗe a wurin.

Ta ce, "Tsahara, mi kike so in ce?"

Na ce, "Abin da kinka gani, Gwaggo."

Ta ce, "Mutanena ba su taɓa ki ba. Su in sun hau mutum suna sauka."

Na mai da rigata. Na roƙe ta ko da wasa kada ta faɗa wa kowa. Ta ce ita ba ta kai magana gidan surukai, amma baya ba ya riƙe sirri, wata rana a tsakiyar hanya zai faɗa da kansa. Ta ba ni saiwa in jiƙa, ta ce ba za ta yi kome ba, amma in sha don in ce na sha. Ta ba yarinyar gyaɗa soyayya cike da gwangwani, ta kira ta da sunanta har sau nawa, da ƙarfi, kamar da gayya.

Litinin, da hantsi

Keke ne.

Talata, bayan magariba

Samira ta yi rigima yau, ita ma sai an goya ta. Shekararta biyu, haƙƙinta ne, tun da ta fara tafiya ban sake ɗora ta ba. Ta kama zanena tana ihu, "Ni! Ni!" Na daka mata tsawar da ta fi laifinta. Babbar ta ce, "Yaya, ki ɗauke ta, ni ina nan zaune, ba inda za ni." Ta faɗa tana dariya. Na shiga madafa na daɗe ina hura wutar da ta riga ta kama.

Alhamis, bayan magariba

A bakin famfo ya kama ni, muna dawowa. Numfashina ya tsaya, na durƙusa a yashi da ita a bayana. Ban yar da ita ba. Wannan a rubuta: ban yar da ita ba. Mata masu ɗibar ruwa suka kwance ta, suka kamo ni. Kafin la'asar duk layin ya ji, kafin magariba Baban Samira ya kira daga hanya. Ban san wanda ya gaya masa ba, amma na san bakin Safiyatu.

Asabar, da la'asar

Baban Samira ya dawo, ya kai ni asibiti da kansa. Babu wanda za a bar wa yarinyar, sai ya saɓa ta a kafaɗa muka tafi, kafin mu kai titi yana haki yana canza hannu. Lokotoron ya dube ta, ya dube ni, ya ajiye abin rubutunsa.

Ya ce, "Wa ke ɗaukar ta kullum?"

Baban Samira ya ce, "Uwatta."

Lokotoron bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya yi bayani a hankali, ya ce nauyin yana jan kafaɗu gaba, naman da ke tsakaninsu yana aiki ba hutu, ga keke kuma ya ƙara. Yarinya tana girma, bayan ba ya girma. In ban huta ba abin zai wuce nama ya taɓa ƙashi. Ya ce a nemi wata dabara, ko ta 'yan watanni ce. Duk wannan a gabanta ya faɗa. Tana zaune a kan benci tana karanta takardun da aka manna a bango, ba ta juyo ba. Na san ta, in tana saurare ne take yin haka.

Lahadi, da safe

Ya yi waya da Inna a zaure. Ya rage murya, amma zauren namu ba shi da sirri.

Laraba, bayan la'asar

Inna ta zo da buhun zogale da albasa. Ba muguwar mace ba ce, kada wanda ya ga wannan ya ce na ce. Ta shafa mini man a baya da hannunta, tana faɗa, wai na kashe kaina a banza ina da uwa a Jiratawa. Ta ce can ga inuwa, ga 'yan uwa cike da gida, ba abin da yarinya za ta nema ta rasa. Baban Samira ya ce lakwal fa? Ta ce lakwal tana bayan gari, wa zai kai ta, amma malam yana zuwa gida da allo.

Sannan ta juyo gare ni, a gaban ɗanta, a gaban Safiyatu da ta shigo aron turmi ta ƙi fita.

Ta ce, "Ke ba ki ce komi ba. Ko kina da magana?"

Ina da maganar. Amma ta yaya? In buɗe baki a gaban surukata in ce ina son 'yar fari? In ce a bar mini ita? Uwata ba ta taɓa kallon yayana ido cikin ido ba har ta koma ga Allah, kuma kowa yabonta yake yi a kan haka. Na sunkuyar da kai.

Na ce, "Ai taki ce, Inna."

Safiyatu ta ce, "Kai, Tsahara akwai kunya." Ta ɗauki turminta.

Alhamis, da hantsi

Na ninke kayanta. Riguna, littattafai, murafen kwalba a leda. Ban raka su tasha ba, ba a yi. Babanta ya saɓa ta, ta leƙo ta kan kafaɗarsa ta ce, "Yaya, sai yaushe?" Na ce ta yi wa Inna biyayya. Na koma na share tsakar gidan da na riga na share.

Asabar, da safe

Shara, koko, ɗinki.

Litinin, da hantsi

Na farka na ɗauko majanyi, har na yafa a kafaɗa. Na goya Samira da shi zuwa shago. Ba ta da nauyin kome, kamar na goya kaza. Ba ta karanta allo, barci ta yi.

Madam, malamar ajin babbar, ta tare ni a hanya ta tambaya. Na ce ta je ganin kakarta. Ta ce an kusa jarrabawa, kuma ita ce ta fi kowa karatu a ajin. Na ce to.

Laraba, bayan azahar

Na gama riguna uku yau. Salima ta ce, "Kin ga yadda kike zaune kuwa? Kin miƙe." Na ce ƙyallayenta ne suka yi aiki.

Juma'a, bayan magariba

Ya sauka. Na ɗaga hannu na sauko da kwano, na juya wuya dama da hagu, babu kome. Na sake gwadawa ina neman sa, na danna wurin da yatsa. Babu.

Ban gaya wa kowa ba. Ban taɓa tsanar lafiya ba sai yau.

Asabar, da la'asar

Na kira Jiratawa. Inna ta ce lafiyarta lau, tana ci, har ta yi kumatu. Na ce a gaishe da mutanen gida. Ban ce a ba ta wayar ba, ita ma Inna ba ta ce ga ta ba. Muka yi ta gaisuwa har kuɗin wayar ya ƙare.

Mai gyaran waya ya sake fentin allonsa. Ban sani ba ko ya gyara kuskuren, ni ban iya ganewa.

Lahadi, bayan la'asar

Na bar Samira wurin Salima, na ce zan kai wa Inna ɗinkinta. Gaskiya ne, akwai ɗinkin. Majanyin kuma a ƙasan jakar yake, ban san lokacin da na sa shi ba.

Na tarar da mata a tsakar gida sun baje zogale suna tsigewa. Yarinyar tana gefensu a kan tabarma, an yi mata kitso mai kyau, an sa mata lalle. Inna ba ta yi ƙarya ba, ta yi kumatu. Na gaida kowa ɗaya bayan ɗaya, ita na wuce ta kamar yadda ake yi. Wata ƙanwar Baban Samira ta ce tun da yarinyar ta zo ba ta leƙa ƙofar gida ba, kullum tana tambaya me ke bayan katanga, su kuwa wa zai iya ɗaukar wannan ƙatuwar. Aka yi dariya. Ledar littattafan tana rataye a ƙusa, da ƙullin da na yi mata.

Da mata suka tashi salla, na matsa na zauna a bakin tabarmar, ina kallon wani wuri.

Ta ce, "Yaya, bayanki ya warke?"

Na ce ya yi sauƙi.

Ta ce, "Da ni ce ko? Na ji lokotoro." Ta ci gaba da tsige ganyen da ke cinyarta. "Ba komi. Nan ma da daɗi. In na zamna nan ba ya dawowa."

Shekara bakwai. Ita ce take ba ni haƙuri.

Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Na zaro majanyin, na juya mata baya, na durƙusa. Inna ta fito daga ɗaki da carbi a hannu, matan suna bayanta. Na ji bakina ya buɗe, da ƙarfi, har na bayan katanga sai ya ji.

Na ce, "Hidaya, hau."

Wata ta ce, "La ilaha, sunan ta hwaɗi!" Wata ta rufe baki da mayafi. Ita kanta yarinyar ba ta motsa ba, ba ta taɓa jin sa a bakina ba. Sai da na sake faɗa, sannan na ji hannuwanta a wuyana.

Na ce, "Inna, ki gahwarce ni. Ina son ɗiyata. Gobe akwai lakwal."

Inna ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Yau na ga rashin kunya da idona." Ta matso, na ɗauka mari ne. Ta kama bakin majanyin ta warware ɗaurin da na yi, ta ɗaga yarinyar sama kaɗan, ta sake ɗaurewa tam, yadda ba a taɓa ɗaure mini ba. Ta ce, "Bayan naki ne. In ya karye kada ki kira ni." Ta ciro ledar littattafan daga ƙusa ta rataya mini a hannu, ta shige ɗaki ba ta amsa sallamata ba.

Litinin, da hantsi

Baban Samira ya kira, ya yi faɗa har wayar ta yi zafi. Ya ce in ya dawo za a zauna. Ya kuma ce zai ga ko masu gini za su zuba mana jar ƙasa daga ƙofa zuwa titi saboda keken nan na zaure. Ya sha faɗin haka. Inna ba ta ɗaukar wayata. Safiyatu ta riga ta kai labari har bakin famfo.

Mai gyaran waya bai gyara kuskuren ba, ya ma ƙara wani. Ta yi dariya har haɓarta ta dake ni.

Ciwon ya dawo tun kafin mu kai ƙofar lakwal, a wurinsa na da, tsakanin kafaɗu. Salima ta ga yadda na zauna, ta miƙo mini littafin nan ta ce in rubuta abin da na yi kafin ya tashi.

Na goya Hidaya.